Tufafi da Kayan Adon Baibayin Turai na Zamanin Dā

Duk shekarar da ƙungiyar wasan kwaikwayo ta makarantarmu ta tashi nuna faɗuwar birnin Roma, rabon kaya iri ɗaya ne. Waɗanda za su fito a Romawa su ke samun fararen zannuwan gado da hular kwali mai fenti. Waɗanda za su fito a maharan da suka zo daga arewa kuwa, sai a miƙa musu tsohon buhu da fatar akuya, a shafa musu gawayi a fuska, a ba kowa kulki, a ce su shigo da ihu. 'Yan kallo su yi ta dariya, mu malamai ma mu taya su. Ba laifin yaran ba ne, gama hoton da muka gani ke nan a littattafan tarihi sa'ad da mu ma muke kan benci. Amma hoton nan ba daidai ba ne. Mutanen da muke sa wa buhu sun iya kaɗi da saƙa da rini, maƙeransu kuma sun yi aikin zinariya da har yau ake tsayawa a layi don a kalla. Abin da ya fi wannan ban mamaki, wandon da kowane ɗa namiji a makarantar nan yake sawa da safe, ta hannunsu ya shiga Turai ta yamma, ba ta hannun Romawa ba.

Su wane ne baibayi?

Helenawa ne suka fara raɗa sunan. Duk wanda bai iya Helenanci ba, a kunnensu maganarsa ba ta wuce "bar-bar-bar" ba, don haka suka kira shi barbaros. Romawa suka ari kalmar suka ɗora wa dukan kabilun da ke bayan iyakar mulkinsu. A tsohuwar Hausa muna da kalma mai irin wannan ma'ana, wato baubawa, jam'inta baibayi, mutumin da harshensa bai faɗa daidai a kunnen Bahaushe ba. Ita za mu yi amfani da ita a nan. Kada wani ɗalibi ya haɗa barbaros da Barebarin Borno, kamar sauti ce kawai, ba su da dangantaka.

Masu karatun Littafi Mai Tsarki sun riga sun gamu da kalmar. A Ayyukan Manzanni sura 28, da ita Luka ya kira mutanen tsibirin Malta, a daidai wurin da yake ba da labarin alherin da suka yi wa Bulus da abokan tafiyarsa bayan jirginsu ya farfashe. Wato da fari maganar harshe ce. Daga baya ne ta zama zagi, ta ɗauki ma'anar mutum marar wayewa. Da yawa daga cikinmu mun san ɗacin irin wannan suna, domin kakanninmu ma an kira su da makamancinsa, waɗanda suka kira su kuwa ba su tsaya sun tambaye su kome ba.

Baibayin Turai ba al'umma ɗaya ba ne. Akwai Keltawa, waɗanda suka mamaye ƙasashen da yau ake kira Faransa, Birtaniya, Ayaland da kudancin Jamus. Na Faransa su ne Romawa suke ce wa Golawa. Wani reshensu ya ƙetare zuwa Asiya Ƙarama a shekara ta 278 kafin haihuwar Almasihu, ƙasar da suka zauna ta ɗauki sunansu, Galatiya, wadda Manzo Bulus ya rubuta wa ikkilisiyoyinta wasiƙa. Akwai kabilun Jamaniya a arewa, irin su Gotawa, Farankawa, Angilawa da Saksonawa. Can gabas kuma, a filayen da ke arewa da Baƙin Teku, akwai Sikitiyawa mahaya dawaki. Tsakanin na farkonsu da na ƙarshensu a wannan labari akwai shekaru fiye da 1,000, saboda haka ba za a ce ga tufarsu guda ɗaya ba.

Abin da maƙiya suka rubuta

Matsalar ita ce mutanen nan ba su bar mana littattafan tarihin kansu ba. Kusan duk abin da aka rubuta a kansu, Helenawa da Romawa ne suka rubuta, wato waɗanda suka yi yaƙi da su. Wanda kuwa ya ji labarinka daga bakin abokin gābarka, rabin labari ya ji.

Maganar tsiraici tana da tushe, amma ƙarami. Marubuci Folibiyus ya ba da labarin yaƙin Telamon a Italiya, a shekara ta 225 kafin Almasihu. Ya ce wata ƙungiyar sojojin haya ta Golawa ta tuɓe, ta tsaya a sahun gaba ba kome a jikinsu sai adon zinariya da makamai, don nuna jaruntaka, da kuma gudun kada ƙaya ta kama musu riga. Māsun Romawa suka yi musu mummunar ɓarna. Amma shi wannan marubucin ya ce sauran mayaƙan, waɗanda su ne mafi yawa, suna sanye da wanduna da mayafai marasa nauyi. Masu zane na baya suka riƙe 'yan tsirarun, suka manta da sauran.

Diyodorus, mutumin Sisili, ya kwatanta Golawa dalla-dalla. Taguwoyinsu rinannu ne masu launi iri iri, suna sa wando da suke kira baraka, suna yafa mayafi mai ratsi ko mai gida-gida, mai kauri da sanyi, marar kauri da zafi, su kama shi da fil a kafaɗa. Wandon nan ya tsaya wa Romawa a rai, har suka raɗa wa kudancin ƙasar Gol suna "Gol mai wando." A wurin Baroma, cikakken mutum shi ne mai toga, wani ƙaton mayafin ulu mai tsawon mita 5 ko fiye, wanda da wuya mutum ya naɗa shi ba da taimakon wani ba. Mai toga ba ya gudu, ba ya noma, ba ya hawan doki. Tufa ce ta mai bayi.

A shekara ta 98 bayan Almasihu, Tasitus ya rubuta littafi a kan kabilun Jamaniya. Ya ce yawancinsu mayafi kawai suke yafawa, su kama shi da fil, in babu fil da ƙaya, su wuni a bakin wuta. Masu arziki ne kaɗai, in ji shi, suke sa matsattsun kaya masu bin jiki, matan kuma suna sa lilin mai adon shunayya, ba hannu. Masana da yawa suna ganin Tasitus bai taɓa taka ƙasar ba, daga bakin sojoji da fatake ya ji. Yana kuma da wata manufa, wato ya kunyata Romawan zamaninsa masu son jin daɗi ta wurin nuna musu mutane masu sauƙin rayuwa. Wanda yake so ya yi wa'azi da talaucin wani, ba zai tsaya lissafa rigunansa ba.

Abin da ƙasa ta mayar

Ƙyalle ba ya daɗewa a cikin ƙasa, kowa ya san aikin gara da laima. Amma akwai wurare biyu a Turai da suka adana tufafi: ramukan gishiri, da fadamu masu tsami.

A Hallstatt, cikin duwatsun Ostiriya, Keltawa da waɗanda suka riga su sun daɗe suna haƙar gishiri. Tsummokin da ma'aikata suka yar a cikin ramuka, gishiri ya hana su ruɓa. An tsinto ɗaruruwansu, da yawa sun haura shekara 2,500. Ga saƙa mai karkatattun layuka irin ta wandon jins, ga mai gida-gida, ga bakin riga da aka saƙa dabam da launi biyu ko uku, ga ɗinki mai kyau. Ku tuna fa, waɗannan tsummoki ne, abin da aka gama mora aka yar.

A Danmak da arewacin Jamus kuwa akwai fadamu inda ciyayi ke ruɓewa a hankali cikin ruwa mai tsami marar iska. Mutanen wurin sukan yanko wannan laka su busar su yi makamashi da ita. Irin ruwan nan yana jeme fata da ulu kamar yadda majemi yake yi da bagaruwa. A shekarar 1879 masu yankan laka a Huldremose, a Danmak, suka ci karo da gawar wata mace da ta yi kimanin shekara 2,000 a kwance da kayanta. Tana da dogon siket na ulu mai gida-gida, ɗaure da igiyar fata a ƙugu, da gyale mai gida-gida da aka kama da fil na ƙashin tsuntsu, da mayafai biyu na fatar tumaki, ɗaya a kan ɗaya. Ruwan fadama ya mai da kome ruwan ƙasa, amma da aka gwada zaren a ɗakin bincike sai aka ga ashe siket ɗin shuɗi ne, gyalen kuma ja. To, ga fata, Romawa ba su yi ƙarya ba a nan. Sai dai fatar an yanka ta an ɗinka da gwaninta, kuma a kan saƙaƙƙen kaya aka yafa ta don sanyi. Mayafin ciki yana da faci fiye da 20. A cikin wani facin aka sami mataji na ƙashi da siririn zaren ɗaure gashi, an ɗinke su ciki kamar laya. Wannan faci-facin ya fi zinariyar sarakuna gaya mana yadda talaka ya rayu. Tufa dukiya ce, ba a yar da ita sai ta ƙare ƙurmus.

Dalilin tsadar a fili yake ga duk wanda ya taɓa zama kusa da kakarsa tana kaɗi. Kowane zare da hannu aka kaɗa shi, da mazari da gululu irin namu, sai dai su gashin tumaki da lilin suke kaɗawa, auduga ba ta yi a ƙasarsu. Masaƙarsu a tsaye take, jingine da bango, ana rataya dunƙulen yumɓu a ƙarshen zaren tsaye don ya miƙe, masaƙiya ta fara daga sama tana yin ƙasa. Irin dunƙulen nan da gululu ana tono su birjik a kufan garuruwansu. Wajen rini, suna da wani ganye da ke ba da shuɗi, abin da ke cikinsa kuwa shi ne ainihin abin da ke cikin baban da ake rini da shi a marinar Ƙofar Mata ta Kano, sai dai nasu bai kai namu ƙarfi ba. Ja daga saiwar wani tsiro suke samu, rawaya kuma daga wani ganye.

Wando mafi shahara an same shi ne a fadamar Thorsberg, a yankin da Angilawa suka fito kafin su ƙetare zuwa Ingila. An tona wurin tsakanin 1858 da 1861, aka sami makamai da tufafi da aka zuba cikin ruwa hadaya ga gumaka, yawanci na wajen ƙarni na 3. Wandon na ulu ne mai saƙar gida-gida ƙanana, matsattse, yana da madaukai na zura bel a ƙugu, a ƙasa kuma an ɗinka masa safa, wato wando da safa a haɗe. An yanka shi ƙyalle-ƙyalle yadda mai shi zai iya tsugunawa ko ya hau doki ba tare da ya yage ba. Duk telan da ya duba shi zai gane aikin ɗan'uwansa ne. Romawa da Helenawa sun fi sanin naɗa ƙyalle a jiki. Yanka da ɗinki daidai jikin mutum, a wannan fanni baibayi sun sha gabansu.

Ba za mu ɓoye ba, fadamun nan sun nuna wani gefen kuma. Mutumin Tollund, wanda aka tono a Danmak a 1950, yana da hular fata mai tsini da ɗamara, da igiya a wuyansa. Rataye shi aka yi. Iya saƙa bai hana mutum zub da jini ba, a Roma ko a bayan iyakarta.

Fil da munduwar wuya

Ba su da maɓalli, ba su da zif. Abin da ke riƙe da tufa shi ne fil, mai aiki daidai da wanda mata ke kama zane ko lulluɓi da shi, mai lanƙwasa da wurin maƙale tsini. Talaka yana da na baƙin ƙarfe ko tagulla, mai hali yana da na azurfa ko zinariya. Namiji yakan sa ɗaya a kafaɗar dama, don hannun takobi ya sami sakewa. Mace takan sa biyu, ɗaya a kowace kafaɗa, su riƙe doguwar riga. Da yake yayin fil yana sakewa daga tsara zuwa tsara, masana masu tonon kufai sukan dubi fil su faɗi zamanin kabari, kamar yadda iyayenmu mata sukan dubi atamfa a tsohon hoto su faɗi shekarar bikin.

Amma sarkin kayan adon Keltawa shi ne munduwar wuya, wani kaurin ƙarfe, sau da yawa murɗaɗɗe kamar igiya, wanda ake lanƙwasawa a wuya, bakinsa biyu su tsaya a gaba. Ba ado kawai ba ne, alamar daraja ce, har gumakansu ma da ita ake sassaƙa su.

A 1953, a ƙauyen Vix na Faransa, aka buɗe kabarin wata mace da ta mutu wajen shekara ta 500 kafin Almasihu. An kwantar da ita a kan keken doki. Munduwar wuyanta zinariya ce mai nauyin giram 480, da 'yan ƙananan dawakai masu fikafikai a bakinta biyu. Kusa da ita akwai randar tagulla ta Helenawa mai tsayin mita 1.64, wadda za ta ci lita 1,100 na ruwan inabi, ba a taɓa samun irinta mai girma haka ba ko a ƙasar Helenawan. 'Yan matanmu su lura, mace ce aka yi wa wannan jana'iza. A Hochdorf kusa da Stuttgart ta Jamus, a 1978 da 1979, aka tona kabarin wani basarake na kusan wannan zamani. Yana kwance a kan doguwar kujerar tagulla, da munduwar zinariya a wuya, da malfa ta ɓawon itace, takalmansa ma an lulluɓe su da fallen zinariya. An sa masa mataji, da aska, da abin yankan farce, da ƙugiyoyin kamun kifi. Mutum ne mai kula da jikinsa, mai son zuwa su.

A Ingila kuwa, a 1950, wani manomi yana huɗa a Snettisham sai garma ta tono wani abu. Munduwar wuya ce ta zinariya gauraye da azurfa, nauyinta ya ɗan haura kilo 1. Maƙerin ya ja wayoyi 64, ya murɗa su takwas-takwas suka zama igiyoyi 8, sa'an nan ya murɗa igiyoyin suka zama ɗaya, ya zuba mata kawuna masu zāne. Yana aikin nan ne tun kafin sojojin Roma su ci tsibirin. Irin wannan munduwa marubuci Diyo ya ce sarauniya Budika tana sawa, wadda ta tayar wa Romawa a shekara ta 60 ko 61 bayan Almasihu ta ƙone Landan. Ya ce doguwa ce, gashinta har ƙugu, rigarta mai launi iri iri, da mayafi mai kauri kame da fil.

Romawa sun rena mai munduwar, amma ba su rena munduwar ba. Labarinsu ya ce a shekara ta 361 kafin Almasihu wani saurayi mai suna Manliyus ya kashe wani ƙaton Bagole a karon mutum biyu, ya cire munduwarsa ya sa a wuya, daga nan zuriyarsa ta sami laƙabin Torkwatus, wato mai munduwa. Daga bisani munduwar ta zama lambar yabo da ake ba sojan Roma da ya yi jaruntaka.

Gashi ma yana da nasa labari, amma za mu taƙaita. Golawa sukan wanke gashi da ruwan farar ƙasa ya yi tauri ya miƙe baya kamar gezar doki, manyansu kuma su bar gashin baki har ya rufe baki. Kabilar Suwebi sukan tufke gashi su ƙulla a gefen kai. Tasitus ya faɗi haka, a 1948 kuma aka sami ƙoƙon kan mutum a fadamar Osterby da ƙullin nan daram, a nan dai ya faɗi gaskiya. Filini ya ce Golawa ne suka ƙago sabulu, da kitse da toka, don gyaran gashi. Wani bishop kuma a Faransa ta ƙarni na 5, Sidoniyus, ya yi gunaguni cewa Burgundiyawan da aka saukar a gidansa suna shafa tsohon man shanu a kai. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba, mu da muka san amfanin man shanu a kitso.

Yadda wando ya ci Roma

Wando tufar mahayi ce da mai zama cikin sanyi. Sikitiyawa sun sa shi tun da daɗewa. A wani adon ƙirji na zinariya mai nauyin kilo 1 da 'yan kai, wanda aka tono a Yukren a 1971, an zāna mutanensu biyu sanye da wanduna, sun durƙusa suna ɗinkin rigar fatar tunkiya. Sa'ad da aka tura sojojin Roma su tsare bakin kogin Rayin da na Danub, sanyi ya koya musu abin da girman kai ya hana su koya. A ginshiƙin da aka kafa wa sarki Tarajan a Roma a shekara ta 113, ana ganin sojojinsa da gajerun wanduna har gwiwa. Sarkin da ya yi mulki daga 211 zuwa 217, duniya ba ta san shi da sunan yanka ba sai Karakalla, sunan wata alkyabbar Golawa mai hula da yake son sawa. A shekara ta 301, da sarki Diyokiletiyan ya ƙayyade farashin kaya a dukan mulkinsa, ya sa ladan masu ɗinkin wando a cikin jerin, ya kuma sa alkyabbar ulu ta Birtaniya a kan dinari 6,000.

Dattawan Roma ba su ji daɗi ba. A shekara ta 397 sarki Honoriyus ya kafa doka cewa duk wanda aka kama da wando ko dogon takalmi a cikin birnin Roma, za a ƙwace dukiyarsa a kore shi har abada. Aka maimaita dokar a 399. A 416 aka ƙara da hana dogon gashi da tufafin fata, har ga bayi. Mu da muke yaƙi da ɗalibai a kan tsuke wando da sakin riga mun san ma'anar dokar da ake ta maimaitawa: ba a bin ta ne. Tsakanin dokokin nan, a shekara ta 410, Alarik sarkin Gotawa ya shiga Roma da mayaƙansa ya washe ta kwana uku. A 476 aka tuɓe sarkin Roma na ƙarshe a yamma.

Zinariya da jan dutse

Sarakunan da suka gāji ƙasashen Roma sun zo da sabon salon ado. Maƙeri yakan yi ƙananan ɗakuna da siririyar zinariya, kamar saƙar zuma, ya yanka wani jan dutse mai suna ganet falle-falle daidai kowane ɗaki, ya shimfiɗa fallen zinariya mai zāne a ƙarƙashi domin haske ya shiga ya dawo, dutsen ya yi ta ƙyalli kamar garwashi. Da wannan aiki Gotawan Sifen da na Italiya suka yi filai masu siffar gaggafa.

A 1653 wani magini yana haƙa kusa da wata majami'a a Tournai, a Beljiyam ta yau, ya fāɗa kan kabarin Kilderik sarkin Farankawa, wanda ya mutu wajen 481. Aka gane shi ta zoben hatiminsa, mai sunansa da hotonsa da dogon gashi. Akwai ƙudan zuma na zinariya da jan dutse wajen 300, da fil na zinariya irin wanda sarkin Roma yake ba manyan hakimansa. Wato mutumin nan sarkin baibayi ne, hafsan Roma ne kuma, kayansa sun faɗi duka biyu. Napoliyon ya ɗauki ƙudan zuman nan ya mai da su tambarin mulkinsa a 1804. A 1831 ɓarayi suka shiga inda ake ajiye kayan a Faris, suka narkar da yawancin zinariyar. Ƙudan zuma biyu kaɗai suka rage.

A Sutton Hoo ta Ingila, a 1939, aka tono alamar jirgin ruwa mai tsawon mita 27 wanda aka binne wani sarkin Angilawa a ciki a farkon ƙarni na 7. Kan ɗamararsa kaɗai zinariya ce giram 412, an zāne shi da macizai da tsuntsaye masu sarƙe da juna, har ido ya gaji bai gano inda ɗaya ya ƙare ba.

Daga ina kayan nan suka fito? Gwajin da aka yi wa jajayen duwatsu na ƙarni na 5 da na 6 ya nuna yawancinsu daga Indiya da Siri Lanka suke. A kaburburan matan Saksonawa da Farankawa ana samun wuri, babba wanda ya fi namu na dā girma, daga Jan Teku, rataye a ɗamara tare da mabuɗai da wuƙa. Wasu matan suna da jaka mai baki na zoben hauren giwa, binciken da aka buga a 2023 a kan waɗanda aka tono a Scremby ta Ingila ya nuna hauren giwar Afirka ne. Su ma suna da abin sayarwa. A bakin tekun Baltik ana tsintar amba, ƙaron itatuwan dā da ya daskare ya zama kamar dutse mai ruwan zuma, ana yin duwatsun wuya da shi. Filini ya ce a Roma ɗan ƙaramin mutum-mutumin amba ya fi lafiyayyen bawa tsada. Mutanen da ake cewa suna ƙarshen duniya, ashe fatauci ya haɗa wuyan matansu da Indiya da Afirka.

Sai dai mu tuna, zinariyar nan ta 'yan kaɗan ce, kuma kayan kabari kayan kwalliya ne da masu rai suka zaɓa wa mamaci. Ba da su ake zuwa gona ba.

Da bishara ta bazu a cikinsu, alama ta fara sakewa. A Trumpington kusa da Kambirij, a 2011, aka sami kabarin wata yarinya mai kimanin shekara 16, tsarar 'yan ajinmu na sama, wadda ta mutu a ƙarni na 7. An kwantar da ita a kan gado, a ƙirjinta akwai ɗan ƙaramin gicciye na zinariya da jan dutse. Aikin maƙerin iri ɗaya ne da na gaggafa da macizai, siffar ce ta sāke. Zuwa ƙarni na 8 al'adar binne mutum da dukiyarsa ta mutu a yawancin ƙasashen nan, maƙera suka koma yi wa majami'u ƙoƙon tarayya da bangon littattafai. Taguwa da wando suka zama kayan kowane namiji a Turai. Doguwar rigar Romawa kuwa ta sami mafaka a cikin ikkilisiya, ita ce asalin rigunan da limaman Katolika da na Angilika suke sawa a gaban bagade.

Saboda haka, ga masu shirya wasan baɗi, ga abin da za a nema. Mayaƙin Gotawa ko na Golawa yana bukatar matsattsen wando, da taguwa mai launi wadda ta tsaya bisa gwiwa, da bel mai babban kai. Bargo mai gida-gida daga ɗakin kwana zai yi mayafi, a kama shi da babban fil a kafaɗar dama. Sarkinsu a murɗa masa wayar tagulla ta zama munduwar wuya, ɗakin koyon sana'a zai iya wannan cikin yini ɗaya. 'Yan mata su sa doguwar riga da fil biyu, da duwatsun wuya tsakanin filan, da mabuɗai a ɗamara. Fatar akuya tana iya zama, amma a kan riga. Man shanun Burgundiyawa kuwa a bar shi a kicin, gama zauren taronmu ba shi da isassun tagogi.